Beni Salonga, Mutumin da Ya Ƙi Yarda da Ƙaryar Mijina

Tun kafin mai gidan biredi ya ɗaga ƙyauren shagonsa, Beni Salonga ya riga ya biyo ta bakin tashar jiragenmu a tsohuwar akori-kurarsa. Yakan rage gudu ya leƙo ta taga, ya ga jiragen da suka kwana a ɗaure, ya ga gurbin waɗanda suka fita. Daga nan ya kama hanyar tudu zuwa sansanin soja, ya shiga ɗan ɗakinsa mai taga ɗaya, ya ajiye kwanon shinkafa da kazar da matarsa ke dafa masa da tafarnuwa, ya zuba kofi, ya jawo abin magana. Sai muryar nan ta fito a kowane jirgi da kowane kicin na matan masunta a wannan gaɓa tamu ta Kaliforniya: "Barkanku da asuba, mutanen ruwa. Beni ne. Ku saurara in gaya muku inda ba za ku je ba yau."

A wannan watan ya ajiye aiki, gashin kansa ya yi fari fat. Na jira in ga ko wata jarida za ta ce wani abu, ban ga ko layi ɗaya ba. To, ni zan faɗa. Sunana Odilia, matar Gaspar Fagundes mai jirgin kamun kifin tuna, kuma da ba don Beni ba, da watakila tun ina da ƙuruciyata nake sa baƙaƙen kayan takaba.

Beni ba soja ba ne, farar hula ne da sojoji suka ɗauka. Su aikinsu harba abubuwa sama, abin da aka jefa sama kuwa dole wani sashensa ya dawo, kuma tekunmu yake dawowa. Don haka duk ranar gwaji sai a shata wani yanki na ruwa a rufe shi. Kafin kowa ya taɓa wani maɓalli, sai an juyo an dubi Beni, shi kuma ɗayan magana biyu zai faɗa: ko ya ce ruwa fes, ko ya ce akwai mutum. Iyakar aikin ke nan. Ba a ba da lambar yabo a kansa, don in ka yi shi daidai babu abin da zai faru, kuma ba wanda ke tafa wa ranar da babu abin da ya faru.

A shekarun tamanin, lokacin da ƙasarmu da Rasha ke zaman doya da manja, injiniyoyi a can cikin hamada suka duƙufa kan wani makami mai linzami da ba a taɓa ganin irinsa a nan ba. Ba daga ƙasa ake harba shi ba. A ƙarƙashin cikin jirgin yaƙi ake rataya shi, jirgin ya taso daga hamada ya zo kan tekunmu, ya miƙe sama kamar zai tsaya a kan jelarsa, sannan ya sake shi. Makamin ya wuce yana yar da ƙwanson da ya ƙone, har ɗan ƙaramin kan makamin ya kai inda taurarin ɗan Adam ke yawo, ya yi karo da wanda aka nufa. Duk wannan daga baya muka sani. A lokacin dai mun ga wasu baƙi masu fararen riguna suna zuwa cin soyayyen kifi ranar Asabar, in ka tambaye su aikinsu su ce gyaran fanka suke yi. Mu ma ba mu matsa ba, don a garinmu mun san darajar wanda ya iya riƙe bakinsa.

Ai nan ne gizo ke saƙar. Masunci zai ba ka rigarsa, zai fita cikin guguwa ya jawo jirginka in injinka ya mutu, amma kada ka tambaye shi inda kifi yake. Ƙarya zai yi maka, ido cikin ido, kuma ba zai ji komai ba. Fadan cocinmu ma ya gaji, ya ce in dai wannan ce kaɗai zunubin, kada su ƙara zuwa suna ɓata masa lokaci. Jirage kan haɗa kai ƴan kaɗan su yi ƙungiya, su ware wani layin rediyo na asiri wanda a nan kawai suke gaya wa juna gaskiya. A babban layin da kowa ke ji kuwa, sai kuka da kukan babu. Mu matansu muna da ƴar rediyo a kan firji, mai ji kawai ba ta magana, kuma ranar da aka ba ki lambar layin za a gaya miki cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na san matar da bakinta ya suɓuce a wajen gyaran gashi. Aka fitar da mijinta daga ƙungiya, ya yi ta yawo shi kaɗai a teku yana bin ruwan da babu komai, har suka sayar da jirgin suka bar garin.

Beni ya san duk wannan, don mahaifinsa ya tsufa yana jan fatsa a jiragen wasu tun zuwansa daga Filifin. Beni bai taɓa tambayar kowa inda yake kamu ba. Yakan sauko ranar hutunsa ya zauna kan akwatin ƙanƙara, masunta su yi ta tsokanarsa da ɗan gwamnati, shi kuma yana ce musu manyan maƙaryata, ana dariya. Da masuntan Biyetnam suka iso gaɓar nan ba su jin yarenmu, wasu daga cikin namu ma ba su son ganinsu, shi ne ya je gidan wata tsohuwarsu ya zauna ta koya masa yadda ake cewa an rufe ruwa, ku juyo. Har yau in sun tuna yadda yake karya musu harshe sai su riƙe ciki, amma dai sun ji, kuma sun juyo.

Ranar da nake son ba da labarinta, ƙarshen bazara ne, lokacin da kifin tuna ke biyo ruwan ɗumi. Hazo ya kwanta a kan teku, ko hannunka ba ka gani. Gaspar ya yi kwanaki da fita tare da ƙanena Duarte. Da yammacin jiyan ranar, ba wanda ya tambaye shi, ya hau babban layi ya sanar wa duniya cewa yana can arewa kusa da gaɓa, ko ƙaya bai kama ba, ya ma fara tunanin sayar da jirgin ya koma noman latas. Bayan ɗan lokaci na ji shi a kan firjina yana gaya wa ƴan ƙungiyarsa, murya na rawa don murna, cewa ya faɗa kan kifi can yamma da nisa, su taho maza.

Da safe Beni ya karanta yankin da aka rufe. Ni ban ma saurara sosai ba, ina kwaɓa biredi. Sau nawa aka rufe ruwa ba abin da ya faɗo? Jirgin sintiri ya zaga bai ga komai ba sai hazo. Na'urar hango jirage ba ta nuna komai ba, ba kuma laifinta ba ne, jirginmu na katako ne, ƙarami, yana can nesa tsakanin igiyoyin ruwa. Kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Saura Beni.

Shi abin da ya dame shi, shirun Gaspar. Mijina in bai sami kifi ba, ba wanda ke yin sakat a rediyo: ya zagi gwamnati, ya zagi mai sayar da ƙanƙara, ya zagi kifin da kakansa. Ran nan kuwa tun asuba ko tari ba a ji ya yi ba. Beni ya kira shi a babban layi, ya sake kira, shiru. Mutumin da ya faɗi inda yake ba a tambaye shi ba, sannan ya yi gum, ai ba sai an yi duba ba.

Wayar gidanmu ta yi ƙara, na ɗauka da hannu duk ƙullu.

"Odilia, Beni ne. Mijinki yana arewa?"

Na ce ai haka ya faɗa, kowa ma ya ji.

"Na ji abin da ya faɗa. Ke nake tambaya."

Ya ce ba ya son sanin inda kifi yake, layin kawai yake so, don ya tabbata Gaspar ya kashe babban layi, amma na asiri ba mai kashe shi, har lasifika suke sa masa a bayan jirgi inda suke jan kifi. Raina ya ɓaci. Na ce masa ya san abin da yake roƙo kuwa, ya san abin da aka yi wa mutanen da suka bar garin nan? Na ce to ya gaya mini mene ne zai faɗo, in ya so in auna.

"Ba zan iya ba. Ni ma an rantsar da ni kamar yadda aka rantsar da ke." Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. "Abin da zan iya ce miki shi ne, ban taɓa kiran gidan kowa ba tun da na fara aikin nan. Yau na kira."

Na dubi kwanon ƙullun, na dubi takalman Gaspar na zuwa coci a bakin ƙofa. Shi da nasa asirin, ni da nawa, kuma miji da ƙane duka suna cikin kwale-kwale ɗaya. Na faɗa masa lambar. Ko na gode bai tsaya ya ce ba, ya ajiye waya.

Ban kai ga wanke hannu ba na ji muryarsa ta fito daga kan firji, a layin da ba wani bare da ya taɓa shiga.

"Gaspar, Beni ne. Kada ka zagi matarka, ni na matsa mata. Kada kuma ka faɗi inda kake, ba na son sani. In kana cikin ruwan da na rufe da safe, danna maɓallin maganarka sau biyu, shi ke nan."

Babu amsa sai shuuu na rediyo. Can sai ga muryar Tome, babban ƙungiyar, yana huci yana tambayar uban wa ya ba ɗan gwamnati layinsu. Beni ya ce masa ya yi haƙuri ya ajiye zagin zuwa gobe, zai sauko da kansa ya karɓa. Ina jin a nan Tome ya gane ba wasa ba ne, don muryarsa ta sauya.

"Gaspar, kai jaki ne? In kana ji ka danna mana."

Na durƙusa a gaban firjin nan kamar a gaban bagadi. Ban san me na roƙa ba, ko in ji shi, ko kada in ji shi a can. Sai na ji ƙas, ƙas.

Beni ya ce to, ya tattara fatsarsa ya juyo gabas yanzu, kuma duk wanda ke kan hanyar zuwa wajensa shi ma ya danna. Sai ga ƙas, ƙas. Sai ga wani kuma. Ashe ƙungiyar gaba ɗaya ta kama hanya, har da Tome mai huci, kowa ya gaya wa duniya yana wani wuri dabam. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa ganin wanda mutane da yawa haka suka cunkushe a ciki ba.

Abin da ya faru a kan tudu, manjon da ke riƙe da ɗakin gudanar da gwajin a ranar ne ya ba mu labari da bakinsa a walimar sallamar Beni, ya tsufa yana dogara sanda. Ya ce jirgin yaƙi ya riga ya tashi da makamin a cikinsa, aikin shekaru, manya sun zo daga nesa suna jira, shi kuma tauraron da aka nufa yana tafe a kan hanyarsa, ba ya tsayawa jiran kowa. Aka juyo aka dubi Beni. Ya miƙe ya ce, "Akwai mutum." Manjo ya ce na'ura ba ta ga kowa ba, mece ce shaidarsa? Beni ya ƙara ƙarar rediyo ya roƙi Gaspar ya sake dannawa. A wannan karon mijina bai danna ba, baki ya buɗe, ya zazzago ashar da yaren kakanninmu na Fotugal, tun daga kan Beni har zuwa kan wanda ya ƙirƙiro soja. Manjo ya ce ko kalma ɗaya bai gane ba, amma ya san kifi ba ya magana haka. Ya tambaya ko jiragen za su iya fita a kan lokaci, Beni ya ce ba za su iya ba. Manjo ya ɗauki waya ya dakatar da komai, matuƙin ya juya ya koma hamada da kayansa. Manjo ya ce ya sha faɗa daga manyansa a ranar, Beni ma aka kira shi aka yi ta yi masa tambayoyi, amma bai taɓa yin barci mai daɗi irin na wannan mako ba.

Gaspar ya dawo fuska a murtuke. Ya ce kifi na cin ƙugiya kamar mahaukata, ya bar arziki a ruwa saboda tsoron ɗan gwamnati da dogon bakin mace. Bai yi mini magana ba sai ta bakin Duarte, muna zaune tebur ɗaya. Ni kuwa ko a jikina, ina ta zuba masa miya ina kallon yadda yake taunawa. Mutum bai san taunar mijinsa abin kallo ba ce sai ya kusa rasa ta.

Bayan kwanaki aka sake rufe ruwan, wannan karon ba ko kwale-kwale ɗaya a ciki. Da yamma muna cin abinci talabijin ta nuna zanen jirgi a miƙe, da makamin yana hawa, da ƙwansonsa yana gangarowa cikin teku. Gaspar ya ajiye cokali. Ya tashi ya fita tsakar gida ya daɗe a tsaye wajen igiyar shanya. Da ya dawo sai ya ce mini, ni da kaina ba ta bakin kowa ba, miyar nan gishiri ya yi mata kaɗan. A wajen Gaspar wannan ban haƙuri ne, kuma na karɓa.

Ba zan ce ƙarfen nan a kansu zai faɗo ba. Teku da faɗi, watakila da can nesa zai faɗa su ji ƙara kawai. Beni da kansa haka yake cewa in an yabe shi. Amma ni ba na caca da miji, kuma na gode Allah da ya sa a kan kujerar nan mutumin da shi ma ba ya caca da mazan wasu. Daga baya aka daina gwajin makamin gaba ɗaya, manya suka yi ta gardamarsu a majalisa. Ni dai na ji sanyi, don ban taɓa gane abin da tauraro ya tare wa mutane ba.

Ƙungiya ta zauna a kan maganata. Ba a kori Gaspar ba, don wa zai kori wa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Suka sauya layi kamar yadda aka saba. Sannan Tome ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau tudu, ya tsaya a ƙofar sansani har Beni ya fito, ya raɗa masa sabuwar lambar a kunne. Ba a taɓa yin haka ba a gaɓar nan. Kafin shekara ta zagayo sauran ƙungiyoyi ma sun bi sahu. Da muka haifi autarmu, Gaspar ne da ƙafarsa ya je ya roƙi Beni ya zama ubanta na baftisma.

Beni, kai ne zakaran asubar mutanen ruwa. Kai ne ka zauna shekara da shekaru da asirin gwamnati a kunne ɗaya, asirin masunta a ɗayan, ba wanda ka bari ya tsallaka. Kana jin inda kowa ke kwasar kifi, surukinka ma masunci ne, ya sha dawowa da jirgi wayam, amma ko da ido ba ka taɓa nuna masa hanya ba. Ka san mu maƙaryata ne, ba ka raina mu ba, ba ka kuma yarda da mu ba a ranar da yarda za ta kashe mu. Ba ka tona wa mijina asiri a gaban duniya ba, ka ba shi hanyar da zai faɗi gaskiya ba tare da ya buɗe baki ba. Wannan ya fi mini komai.

Yanzu kowane jirgi yana da na'urar da ke nuna inda yake a kan allo, matasan da suka gaje ka suna da kayan aikin da ba ka taɓa mafarki ba. Ina yi musu fatan alheri. Amma ku ji daga bakin tsohuwa: masunci in ya ga kifi, ya san inda makunnin na'urar nan yake. Ku sauko daga tudu ranar hutunku, ku zauna kan akwatin ƙanƙara, ku bari a tsokane ku, ku san wanda shirunsa ba lafiya ba. Duk mai aikin da ran wani ke rataye da kalmarsa, direba ne ko mai jinya ko mai gadi, ya koyi miƙewa ya ce akwai mutum, ko da ɗakin duka ya ƙosa a ce fes.

A wajen walimar, bayan an ci an sha, wani matashin kyaftin ya ce tunda Beni ya ajiye aiki, ai sai ya faɗa musu inda wurin nan na Gaspar yake. Beni ya yi murmushi ya ce bai sani ba, bai taɓa tambaya ba. Na gode, Beni. Duarte ya gode, ƴarka ta baftisma ta gode, jikokina da ba su san labarin ba su ma sun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ka yi barcinka har rana ta fito.

Gaspar kuwa yana nan kusa da ni a kujerarsa, gwiwa ta ƙi, kunne ɗaya ya tafi. Na karanta masa abin da na rubuta, ya ce duk na yi daidai sai dai ban faɗi girman kifin ba, kuma har gobe bai yafe ba, don irin wannan kamu sau ɗaya yake zuwa wa mutum a rayuwa. Ya kama mita tun daga farko. Na gyara masa matashi na bar shi ya yi ta yi. Mai rai ne ke mita.